Darasin Sana'a: Keken Ɗinki Ya Lalace, Ko Dauɗa Ce Ta Shaƙe Shi?

Darasinmu na wannan wata na masu keken ɗinki ne, musamman matan aure masu ɗinki a cikin gida da ɗaliban azuzuwan koyon sana'a na Baure da sauran ƙasar Daura. Wanda ba shi da keke kada ya tsallake wannan shafi. Ya karanta wa iyalinsa ko maƙwabcinsa, don da wuya a sami unguwar da babu keke ɗaya ko biyu da aka jingine ana cewa ya lalace.

Abin da na gani da idona ne ya sa na ɗauko wannan magana. Kwanakin baya na je gaishe da ƙanwata da ke aure a wani ƙauye kusa da Babban Mutum. Akwai keken ɗinki cikin kayan ɗakinta, baƙin Butterfly na takawa, kuma ina cikin waɗanda suka yi karo-karo aka saya mata lokacin biki. Da shi take ɗinka wa yaran unguwa riguna, da shi take zubin adashi, da shi take sayen sabulu da man shafawa ba sai ta jira maigida ba. Da na shiga ɗaki sai na tarar an kife kan keken cikin teburinsa, an shimfiɗa ƙyalle, an jera kwanoni a kai.

Na ce mata, "Me ya sami keken?"

Ta ce, "Yaya, ai ya mutu tun bayan Babbar Salla. Zare yake tsinkawa, yadi ba ya tafiya, in ina takawa kamar ina jan guga. An ce sai an kai shi Daura, in bai yiwu ba a wuce Kano. Maigida ya ce a bari sai an sayar da riɗi. Wata ma ta ce mini baki ne ya kama shi."

Wata biyar ke nan keken yana kife. Ta mayar wa mutane yadinsu, ta fita daga adashi, masu kawo mata ɗinki sun koma wani gida. Na aika aka kira wani dattijo tela da ke ɗinki a bakin kasuwar garin. Ya zo da sukudireba, da tsohon buroshin goge haƙora, da gashin kaza guda biyu, da 'yar kwalbar mai. Ya kwance noti biyu, ya ɗaga ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin allura, ya sa tsinke ya zaƙulo wani abu baƙi mai kauri, sak lagwanin fitila. Ya ɗora mata a tafin hannu.

Ya ce, "'Yata, yaushe rabonki da buɗe nan?"

Ta ce, "Baba, ai ban san ana buɗewa ba."

Bayan la'asar ya fara. Kafin a kira magariba keken yana gudu, an ɗinka bakin zane da shi. Ba a sayi ko allura ba. Ban ga laifinta ba, don babu wanda ya taɓa nuna mata. An koya mata yanka, an koya mata takawa, ba a koya mata shara ba. Shi ya sa zan riƙa cewa "ki" a wannan darasi, amma maza teloli su ɗauka har da su nake.

DAGA INA DAUƊAR TAKE FITOWA?

Matan da suka taɓa yin shiɓa ko kaɗi sun san yadda auduga take tashi ta bi iska ta lafe a gashin ido da ɗankwali. To, zare da yadi da yawa auduga ce aka murɗe aka saƙa, kuma ba su daina zubar da gashi ba. Duk lokacin da allura ta huda yadi sai ta kankaro ɗan ɓurɓushi wanda ido ba ya gani. Shi kuma zaren sama ba sau ɗaya yake wuce kafar allura ba. Yana shiga yana fita, gaba da baya, sau gommai kafin ya zauna a cikin ɗinki, kuma kowace wucewa tana goge masa gashi.

Mu yi ɗan lissafi, tunda muna koyonsa a aji. A jikin kekuna da yawa akwai lambobi daga 6 zuwa 30 a wurin da ake daidaita tsawon ɗinki. Lambar tana nufin yawan sukan allura a cikin inci ɗaya. In kin sa a 12, allura za ta soki yadi sau 12 a kowane inci. Yadi ɗaya inci 36 ne. Ke nan ɗinki mai tsawon yadi ɗaya suka 432 ne. In duk layukan ɗinkin da ke jikin riga suka kai tsawon yadi 10, an yi suka 4,320 a riga ɗaya tak. Ki auna da rigunan da kike ɗinkawa a azumi guda.

Duk wannan ɓurɓushi ƙasa yake faɗawa ta ramin allura. A can ƙasa akwai mai. A sama kuma akwai ƙurarmu ta Arewa. Mu da ke bakin iyaka da Nijar mun san hunturu, mun san yadda hazo yake shiga ɗaki ko an rufe ƙofa da taga, a wayi gari ana iya rubutu da yatsa a kan akwati. Gashin auduga da mai da ƙura in suka haɗu sai su dunƙule. Haƙoran keke kuma suna hawa suna sauka a kansu dubban sau, suna kirɓa su kamar ana daɓen ɗaki, har su zama wannan lagwani da dattijon ya zaƙulo. Ƙurar hunturu ba taushi gare ta ba, rairayi ne mai laushi. In ta gauraya da mai sai ta riƙa cin ƙarfe a hankali, kamar yadda ake goge tukunya da toka da yashi.

Ba kowane yadi ne yake zubar da gashi daidai da wani ba. Akoko da alawayyo da saƙi da yadin sanyi mai gashi sun fi zubarwa. Sabuwar atamfa da shadda suna ƙara da garin sitacin da ke jikinsu. Yadin roba bai cika zubarwa ba. Zare mai araha, wanda in kin ɗaga shi a rana za ki ga gashi tsaye a jikinsa, shi ne babban mai laifi, sai kuma allurar da ta dakushe, don ita ba huda yadi take yi ba, yaga shi take yi.

Akwai wani abu da ya kamata masu ɗinki su lura da shi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kamar kwana 11, saboda haka azumi yana matsowa baya kowace shekara. A 2024 an ɗauki azumi wajen tsakiyar watan Maris, a 2025 kuma a farkonsa. In aka bi wannan lissafi, shekaru masu zuwa ɗinkin Ƙaramar Salla zai riƙa faɗawa tsakiyar hunturu. Wato lokacin da aiki ya fi yawa shi ne lokacin da ƙura ta fi yawa.

YADDA KEKE YAKE ƊINKI

Kafin ki kwance abu, ya kamata ki san aikinsa. Keke da zare biyu yake ɗinki. Allura takan kai zaren sama ƙasa. A can akwai wani ƙarfe mai siffar jinjirin wata da baki mai tsini, za mu kira shi ƙugiya. Ita take cafke zaren sama ta zagaya da shi bayan ƙoshiya, ya sarƙe da zaren ƙasa da ke naɗe a kwarkwaro. Sannan haƙora su taso su ja yadi gaba kaɗan, takalmi yana danne da shi daga sama. Sunayen ƙoshiya da kwarkwaro daga wurin masaƙanmu teloli suka aro su, kuma sunayen sassan keke sukan bambanta daga shago zuwa shago. In naku ya saɓa da nawa, ki bi siffar da na kwatanta.

Wannan dabara ta zare biyu tsohuwa ce. Wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ya yi mata rajista a 1846, Isaac Singer kuma ya yi wa nasa keken rajista a 1851. Baƙaƙen kekunan Butterfly da ake ƙerawa a ƙasar Sin, da ire-irensu masu wasu sunaye, sun bi tsarin wani tsohon samfurin Singer ne mai lamba 15. Shi ya sa cikinsu kusan iri ɗaya ne, kuma bayanin da ke tafe zai yi wa yawancin kekunan da ke gidajenmu. Ƙarfe ne zalla, an yi su ne don mai su ya buɗe ya share da kansa.

Hanyar da zaren sama yake bi ya zagaya ƙoshiya matsattsiya ce ƙwarai. Ɗan guntun zare ɗaya ya isa ya tare ta. Haƙora kuma ɗan kaɗan suke ɗagowa sama da faranti. In dauɗa ta cika tsakaninsu da farantin, ba su da wurin tasowa, sai su kasa kama yadi.

Saboda haka in kin ga ɗinki yana ƙanƙancewa ba ki taɓa lamba ba, ko yadi ya tsaya wuri ɗaya sai kin ja da hannu, ki fara zargin dauɗa. Haka in keke yana tsallake ɗinki, ko zare yana cukurkuɗewa a ƙasan yadi kamar sheƙar tsuntsu, ko yana yawan tsinkewa. Haka in takawa ta yi nauyi, ko sautin keken ya sauya daga santsi ya koma ƙwas-ƙwas, ko baƙin tabo ya fara fitowa a jikin farin yadi. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a kama murɗa notin ɗaurin zare, a murɗa dama a murɗa hagu, har a ɓata abin da lafiyarsa ƙalau.

KAYAN AIKI

Ba sai kin sayi komai mai tsada ba. Ki nemi sukudireba ƙarama da babba, waɗanda galibi suke zuwa tare da keke. Ki nemi tsohon buroshin haƙora ki wanke ki shanya ya bushe sarai. Gashin kaza ko na zabo yana shiga lungun da buroshi ba ya kaiwa. Sai tsinken tsintsiya ko na sakace, da tsumma mai tsabta wanda ba ya zubar da gashi, irin tsohuwar atamfar da ta sha wanki. Sai man keke. Sai ƙaramin kwano na zuba notuna.

Kada ki raina kwanon nan. Notunan faranti ƙanana ne, in ɗaya ya faɗi a ɗakin da ba siminti ya shige rairayi, sai kin je birni neman irinsa. Ga kuma yara masu rarrafe da ke kai komai baki. Ki shimfiɗa tabarma, ki yi aikin da rana a wuri mai haske, ba ranar da ake iska ba.

YADDA AKE SHARAR

Da farko ki sauke bel daga wili don kada ƙafa ta taɓa feda keke ya motsa yatsanki yana ciki. In kekenki mai mota ne na lantarki, ki zare wayar daga bango tukuna. Ki cire zaren sama. Ki juya wili da hannu, ta wajenki, har allura ta hau can sama. Ki sassauta notinta ki cire ta, amma kafin ki cire ki duba inda gefenta mai faɗi yake kallo, don haka za ki mayar da ita. A yawancin irin Butterfly dama yake kallo, wajen wili, amma akwai kekunan da nasu hagu ne. Ki cire takalmi. Ki zame murfin da ke gefen hagu ki fito da ƙoshiya da kwarkwaronta.

Yanzu ki kwance noti biyu na faranti. In sun ƙi, kada ki yi musu ƙarfi har bakinsu ya cinye. Ki ɗiga musu mai, ki ba su ɗan lokaci, ki danna sukudireba sosai sannan ki juya. Da kin ɗaga farantin za ki ga haƙora a fili. Ki sa tsinke tsakanin layukansu ki ɗago abin da ya daskare. Sau da yawa yakan fito a dunƙule, har mutum ya zaci wani sashe ne na keken. Ki bi da buroshi, kina sharowa waje, ba kina turawa ciki ba. Ki goge bayan farantin shi ma.

Abu biyu ne ba a yi a nan. Ba a sa allura ko reza ko bakin almakashi a kankare ƙarfe, don ƙarfe in ya sami ƙarzuwa zai riƙa yanka zare. Kuma ba a hurawa da baki. Na san hannu da baki sun saba, ni ma na sha yi. Amma huri yana tura dauɗa can cikin inda ba za ki kai ba, numfashi kuma yana da laima mai jawo tsatsa, ga abin da zai dawo miki a ido.

Daga nan ki kwantar da kan keken baya a kan maratayansa, ki tabbata ya jingina da wani abu. Za ki ga gidan ƙoshiya, da'ira ce ta ƙarfe. Nan ne zuciyar keke, kuma nan ne mutane suka fi jin tsoro. A yawancin kekunan akwai 'yan maƙallai biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, masu riƙe da zobe. Ki ture su waje, zoben zai fito, sai ki kama ƙugiya ta tsinken tsakiyarta ki zaro ta. A wasu tsofaffin kekuna notuna ne a madadin maƙallai. Kafin ki taɓa komai ki tsaya ki kalli yadda suke zaune. In akwai waya mai ɗaukar hoto a gidan, a ɗauka. In babu, ki zana a takarda, ai amfanin zuwa aji ke nan.

Ki riƙe ƙugiyar nan kamar ƙwai. In ta faɗi a siminti bakinta ya lanƙwashe ko ya gutsure, to an bar maganar shara an shiga maganar saye. Ki goge ta da tsumma. Ki shafa bakinta da yatsa a hankali, ya kamata ki ji santsi. Ki sa gashin kaza da buroshi ki share kwarin da take gudu a ciki, ki zaro duk guntun zaren da ya maƙale. Ki naɗa tsumma a tsinke ki goge kwarin har tsumman ya daina fitowa baƙi. Sannan ki ɗiga mai ɗigo ɗaya a ciki.

Wajen mayarwa, sandar allura tana can sama. Za ki ga wani ƙarfe a cikin gidan mai siffar rabin wata, shi yake tura ƙugiya. Ki sa ƙugiyar ta fuskance shi yadda su biyun za su cika da'ira. Ki mayar da zobe, ɗan tsinkensa ya faɗa gurbinsa, ki rufe maƙallai. Ki juya wili da hannu sannu a hankali. In ya juya sumul, kin yi daidai. In ya cije, kada ki matsa, ki buɗe ki sake zaunar da ita.

Gargaɗi ga masu wani irin keke. Akwai tsofaffin Singer, irin masu lamba 66 da 99, waɗanda kwarkwaronsu a kwance yake, ana jefa shi ta sama. A gefen gidan kwarkwaron akwai ɗan jan ƙyalle mai kama da dauɗa. Ba dauɗa ba ce, kamfani ne ya sa shi don ya riƙe mai. A bar shi, a ɗiga masa mai kawai.

Saura ƙoshiya. Ki share cikinta da buroshi. A bayanta akwai ɗan siririn ƙarfe mai danne zare. Ɓurɓushi yakan shige ƙarƙashinsa ya ɗaga shi, sai zaren ƙasa ya saki. Ki zura kusurwar takarda mai tsabta a ƙarƙashinsa ki ja. Ɗan notin da ke kansa kuwa ki ƙyale shi. In kina so ki gwada, ki sa kwarkwaro, ki riƙe bakin zaren ki bar ƙoshiyar tana lilo. In ta tsaya, kuma da kin ɗan girgiza hannu ta zame kaɗan ta sake tsayawa, ɗaurinta ya yi.

A sama kuma akwai faifai biyu da zaren sama yake bi ta tsakaninsu. Ki ɗaga mariƙin takalmi don su saki, ki ninka tsumma busasshe ki zura tsakaninsu ki ja gaba da baya. Nan ba a sa mai ko kaɗan. Ki buɗe murfin fuskar keke ki goge sandar allura. Ki duba bayan wili da ƙarƙashin teburi wajen feda da babban wili, don zare yakan naɗe a can shekara da shekaru yana ƙara wa ƙafa nauyi.

MAGANAR MAI

A nan ne nake so a saurare ni da kyau. Shara ake fara yi, sannan mai. Wadda ta ji keke ya yi nauyi ta tuttula masa mai a kan dauɗa, kwaɓa ta yi. Zai yi sauƙi kwana biyu, ya dawo ya fi da.

Kuma ba kowane mai ne man keke ba. Man keke fari ne kamar ruwa, ba shi da kauri, ba ya daskarewa. Ana samunsa wurin masu sayar da zare da allura. Mu ƙasar gyaɗa ce, kuma na san gidaje da yawa da man gyaɗa ake yi wa keke hidima, don shi ne a kusa. Ki dubi bakin kwalbar man gyaɗar da ta daɗe a ɗaki, ki taɓa ki ji yadda ya yi danƙo. Iska ce take mayar da shi haka, kuma haka zai yi a cikin kekenki, ya zama kamar ƙaro ya riƙe ƙarafa. Man ja da man shanu da man kaɗe duk hukuncinsu ɗaya. Baƙin mai na mota ko na injin niƙa ya yi kauri, yana kama ƙura, in ya taɓa farar shadda kuma sai ki biya mai ita. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ɗigo ɗaya ya isa a kowane rami. Akwai ƙananan ramuka a saman keke da aka yi don mai. Bayan su, ki juya wili ki duba duk inda ƙarfe yake goga ƙarfe, sama da ƙasa, ki ɗiga. Kada mai ya taɓa bel, ko robar naɗin kwarkwaro, ko cikin motar lantarki.

In an riga an sa man gyaɗa keke ya daskare, kananzir ne maganinsa. A ɗiga shi a ramukan mai da gaɓoɓi, a bar shi ya jiƙa, a juya keken ba zare, a goge abin da ya zubo, a maimaita har ya saki. Amma kananzir wanki yake yi, ba ya zama madadin mai, dole a bi da man keke bayan an goge. A yi wannan a tsakar gida nesa da murhu da fitila. Kada a yi da fetur. Kuma don Allah kada a ajiye kananzir a kwalbar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha.

Bayan kin gama, ki mayar da faranti da takalmi, ki sa allura, in da hali sabuwa. Lamba 14 ta yi wa atamfa da yawancin yadi, 16 ko 18 don kaki da masu kauri, 11 don marasa nauyi. Ki mayar da ƙoshiya har ki ji ta ce ƙas, ɗan yatsanta ya shiga gurbinsa. Ki ɗora bel, ki taka keken ba zare na ɗan lokaci don mai ya zagaya, ki goge. Sannan ki sa zare ki ɗinka tsumma har sai kin ga ba tabon mai. Kada ki fara da yadin mutane.

SAU NAWA?

Ya danganta da aiki. A ganina, mai ɗinki kullum ta share wajen haƙora da ƙoshiya da buroshi duk yamma in ta tashi, ta ɗaga faranti ta buɗe gidan ƙoshiya sau ɗaya a mako. Ranar Juma'a da safe ta dace, tunda aiki yakan yi sauƙi. Mai ɗinki jefi-jefi ta yi sau ɗaya a wata. Kafin kowane babban aiki kuwa, wato azumi, da Babbar Salla, da Sallar Gani da ake cika Daura dominta, da lokacin bukukuwan kaka, a yi cikakkiyar shara tun kafin a karɓi yadin kowa. Daren Salla ba lokacin koyon kwance ƙugiya ba ne, masu kaya suna tsaye a zaure.

In kin tashi daga aiki ki rufe keke. Ɗinka masa riga da ragowar ƙyallaye ba zai ci miki awa ɗaya ba. Ki sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin takalmi ki sauke shi a kai. Da damina ki ɗaga keke daga inda ɗaki yake yoyo ko bango yake jiƙa, kuma ko ba kya ɗinki ki riƙa juya shi kina ɗiga mai, don tsatsa ta fi son keken da aka jingine.

Ba kowace cuta ce shara take warkarwa ba. In kin share, kin sa mai, kin sauya allura, kin sa zare daidai, amma allura tana dukan ƙarfe tana karyewa, ko ƙugiya ba ta cafkar zare sam, ko bakinta ya gutsure, ko haƙora sun cinye sun yi sumul, to wannan aikin makaniki ne. Kada ki kwance notunan da ke ƙarƙashin keke masu riƙe da sanduna, don da su ake daidaita lokacin haɗuwar allura da ƙugiya. In za a kai gyara, kan keken kawai ake cirewa, a naɗe shi da bargo, ba sai an ɗauki teburi ba. Kuma ki tsaya ki ga abin da makanikin yake yi, ki yi tambaya.

AIKIN AJI

Muna roƙon malaman azuzuwa su karanta wannan darasi tare da ɗalibai a gaban keke, ba a gaban allo kaɗai ba. Kowace ɗaliba ta kwance faranti da hannunta, ta fitar da ƙugiya ta mayar, sauran suna kallo. Sannan a rubuta amsar waɗannan a littafi:

1. Me ya sa ake share keke kafin a sa masa mai?
2. Me man gyaɗa yake zama in ya daɗe a cikin keke?
3. In an sa lambar ɗinki a 10, sau nawa allura za ta soki yadi a ɗinki mai tsawon yadi 3?

Ajin da ke da keken da aka jingine, a fito da shi a gwada wannan shara a kansa, a rubuto mana abin da aka tarar a ƙarƙashin faranti da yadda aka ƙare.